Ɗalibin sosiyoloji, kar ka rage murya in an zo sanarwa

Salamu alaikum 'yan uwa. Yau da ƙannenmu nike, masu karatun sosiyoloji, musamman waɗanda sunka kai shekarar rubuta memwar, wato kundin binciken kammala karatu, ko suna Yamai ko Damagaram ko sun dawo nan Maraɗi hutu suna ta neman abin da za su yi anket a kai. Kukan da nike ji bakinsu kullum guda ne, wai babu littattafai, wanda ke akwai ya tsufa, sabon kuma tsada gare shi. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma abin da ke damuna shi ne garin nan tun asuba har dare yana ba da labarin kansa a rediyo da jarida da waya, kuma ɗalibinmu yana zaune a fada yana shan shayi yana ji, bai taɓa ɗaukar kaye da bik ya rubuta ko layi guda ba.

Wanga aiki na nazarin kafofin labarai fa tsoho ne. Tun 1910, a taron farko na masanan sosiyoloji na Jamus da anka yi a Frankfurt, Max Weber ya ce musu a ɗauki almakashi a yanka jaridu a auna, a ga fili nawa talla ta ci, nawa labari ya ci, nawa sharhi ya ci, kuma yaya abin ke sakewa daga shekara zuwa shekara. Robert Park kuwa, wanda ya zama jigo a jami'ar Shikago, shekaru da dama ya yi yana ɗan jarida kafin ya shiga koyarwa, kuma ya yi bincike a kan jaridun da baƙin da sunka shigo Amurka ke bugawa cikin harsunansu. Mu ma da munka tashi hannun malamai muna da namu, Ibn Khaldun wanda anka haifa a Tunis a 1332 ya ce ba ya isa ka san wa ya kawo labari, sai ka auna labarin da yadda zaman mutane yake, shi ya sa in masu tarihi sunka kawo adadin sojoji mai ban tsoro sai ya tambaya wace ƙasa ta ciyar da su, wane fili ya ɗauke su.

To ga misali da ya shafe mu kai tsaye, kuma duk ɗan Maraɗi da ya yi wayo a lokacin ya san shi, wato matsalar abinci ta 2005. A cikin damina 'yan jaridar ƙasashen waje sunka cika garin nan, hotunan yaran da ke kwance cibiyar ƙungiyar likitocin agaji ta MSF sunka zagaye duniya, kuma bayanin da anka fi ji shi ne fari da fara na 2004 sun cinye amfanin gona. Shugaba Tandja Mamadou shi kuma ya gaya wa BBC babu yunwa a Nijar. In ka tsaya nan, labari biyu gare ka masu karo da juna, sai ka zaɓi wanda ranka ke so. Amma ɗauko jaridun Yamai na watan Maris da Afrilu na shekarar ka gani, abin da ya cika su shi ne zanga-zangar tsadar rayuwa, bayan an ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, har an yi ranakun da kasuwanni sunka rufe. Ke nan tun kafin kamara ta iso mutane na kukan farashi. Da masu bincike na LASDEL, cibiyar da Olivier de Sardan da abokan aikinsa sunka kafa a Yamai a 2001, sunka shiga ƙauyuka har da yankin Madarunfa, abin da ya fito ya fi fari da fara zurfi. Hatsi na kasuwa, kuɗin tiya ne ya fi ƙarfin talaka, manomi ya riga ya saida nashi tun kaka don biyan bashi da biki, gonakin gado sun tsattsage saboda yawan magada, mata da yawa sun rasa gamana, wato 'yar gonar da suke nomawa don kansu, kuma tamowar yara a jihar nan abu ne na kowace shekara, ba a 2005 ta fara ba. Abin da ya kamata ɗalibi ya tambaya shi ne mi ya sa jihar da ake kira rumbun ƙasa ita ce yaranta sunka fi ramewa, kuma mi ya sa wanga tambaya ba ta cika fitowa a kanun labarai ba. Wallahi memwar guda sukutum na cikin nan, ka jera abin da rediyon waje ya ce, da abin da jaridar gwamnati Le Sahel ta buga, da abin da jaridu masu zaman kansu sunka buga, sannan ka tafi wajen tsofaffin da sunka ga abin ka zauna ka ji nasu.

Haka gobarar Nuwamba 2021, da azuzuwan zana sunka kama wuta a wata lakwal ta cikin gari, yara sama da 20 sunka rasu, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. A Afrilun shekarar an yi irinta a Yamai. Labarin ya yi kwanaki ana ji sai ya lafa, kuma haka aikin jarida yake, sabon abu na ture tsoho. Inda ɗan jarida ya aje, nan ya kamata mu ɗauka: ɗiyan wa ke zama ajin zana, a wace unguwa, kuma bayan alkawuran da anka yi mi ya sake a ƙasa.

Kowace kafa sai ka san mai ita. Le Sahel da Sahel Dimanche na gwamnati ne, da Faransanci ake buga su a Yamai, cike suke da buɗe taro da rufe taro da tallar kwangila, kuma kar ka raina wannan, domin nan za ka ga yadda hukuma ke kallon talaka, wa ake kira ya yi magana, wa ake magana a kansa shi bai ce uffan ba. Jaridu masu zaman kansu sun fara ne da Haske a 1990, Le Républicain ta biyo a 1991, shekarar babban taron ƙasa, kuma da yawansu sai ka san ɓangaren siyasar da suke jingine kafin ka gane mi ya sa wani labari ya hau shafin farko. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da RFI a watan Agusta, BBC ma an dakatar da ita a Disamba 2024, don haka duk wanda zai gwada labaran da da na yanzu dole ya rubuta a memwar ɗinsa cewa kafofin da mutane ke kamawa a FM sun sake. Mu kuma 'yan bakin iyaka muna da wata dama da ɗan Yamai bai da ita, abu guda zai faru tsakanin Ɗan Isa da Jibiya ka ji shi a rediyon nan, ka karanta shi a Aminiya ta Najeriya, ka ga kowa da inda ya sa nauyi. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, can ana maganar fasa ƙwaurin shinkafa, nan ana maganar ɗan kabu-kabu da ɗan dako da mai canjin naira da abincinsu ya tsaya.

Amma ni inda na fi so ƙannena su sa kunne shi ne sanarwa, wurin da kowa ke rage murya ya tashi ya yi alwala. Sanarwar rasuwa, ta ɗaurin aure, ta suna, cigiyar yaro, cigiyar saniya ko akuya, gaisuwar masu sauraro, tallar mai maganin gargajiya, kiran taron wa'azi. Babu edita da ya zauna ya tsara ma su ra'ayi, mutane ne da kansu sunka biya kuɗinsu don a faɗa. Ka saurari sanarwar rasuwa guda ɗaya da kyau, za a jero dangi a Tibiri, a Tasawa, a Katsina, a Kano, a Legas, a Agadas, wani a Libiya wani a Makka, to ai taswirar ci-rani da zumuncin gidan ke nan an karanto ma kyauta. Ka lura da sunan wa ake fara kira, Alhaji ne ko Malam ko mai sarauta, ka lura ko ana faɗin sunan matar ko sai a ce iyalin wane. Sanarwar aure a wane wata take yawa, bayan kaka ko gab da azumi? Cigiyar bisashe daga wane yanki ta fi fitowa, kuma ta ƙaru ne tun da 'yan bindiga sunka addabi Gidan Rumji da Madarunfa har 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina sunka shigo a 2019? Tallar magani kuwa tana gaya ma ciwon da mutane ke jin kunyar kai wa likita. Shirin da ake buɗe layi ma haka, ka ƙirga murya nawa ta mata ce, nawa ta maza, daga cikin gari ko daga ƙauye, domin mai kira sai yana da waya da kati da sukuni, kuma a wasu gidajen sai da izinin maigida. Wanda bai kira ba ma sai ka rubuta shi.

Aikin ba shi da wuya, haƙuri yake so. Ka zaɓi tasha guda ko biyu, kamar Anfani da Muryar Sahel, ka tsaida lokaci guda kullum na wata biyu ko uku, ka ja layuka a kaye: rana, tasha, harshe, mi anka ce, wa ya ce, a kan wa. Kar ka zaɓi ranakun da sunka yi ma daɗi kawai. In ka gama sai ka aza abin da ka samu gefen alƙaluman INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, misali ƙidayar 2012 da ta ba jihar Maraɗi mutum sama da miliyan 3, ka ga ko yawan maganar da ake yi a kan wani yanki ya yi daidai da yawan mutanensa. Sannan ka fita, domin rediyo tambaya yake ba ka, amsar tana bakin Iya mai ƙosai da Baba mai unguwa, kuma sai ka durƙusa ka gaida su ka faɗi ko kai ɗan wa ne kafin ka fiddo kaye.

Saƙon murya na WhatsApp shi ma abin nazari ne, yadda jita-jita ke tashi daga guruf ɗin dangi ta faɗa na 'yan kasuwa kafin la'asar ta zaga gari, amma don Allah a ji tsoron Allah a nan, muryar mutum amana ce, kar ka sa sunan kowa ko lambarsa a memwar, kuma sunayen da ka ji a sanarwar rasuwa ma ka canza su. Abin da ke ba ni tsoro shi ne rediyo ba ya ajiya kamar takarda, abin da anka faɗa yau gobe babu shi, saboda haka ka naɗa da wayarka, kowane fayil ka sa mai rana da sunan tasha tun a lokacin, don ranar sutunans, wato ranar kare memwar, malamai za su tambaye ka daga ina. Kuma ka karɓo takarda daga fakultenku ka je ka gaida daraktan tashar, ka roƙe shi ya bar ka ka duba tsofaffin takardun sanarwa da mutane ke kawowa da hannu, ka ɗauki hotonsu a jere wata-wata kafin a share ofis a zubar da su.