Yau kin yi baƙi ne?

Talata. Sanyin nan ba ya barin mutum ya tashi da wuri amma dole na miƙe, don tun jiya muka yi da Maman 'yan biyu ƙarfe bakwai mun bar layi, in ba haka ba kafin mu isa kasuwar Kawo 'yan sari sun tsince na kirki sun bar mana ruɓaɓɓu. Tun Juma'a Oga ya turo min kuɗin cefanen wata na riƙe su gam ban taɓa ko sisi ba sai yau, wannan kaɗai ma ya isa a tafa min.

Kasuwa kam ta yi daɗi. Tumatirin rani ya shigo jawur da shi, muka haɗa kuɗi muka ɗauki kwando guda muka raba, haka albasa, haka tattasai. Tun 2023 muka fara wannan haɗakar, lokacin da aka cire tallafin mai kuɗin napep ya fara cin kuɗin miya, sai muka ga gara napep ɗaya, ɗan dako ɗaya, ciniki kuma da baki biyu. Ita ce mai bakin ma, ni kunya ta min yawa, ita kuwa sai ta juya kamar za ta tafi har sau uku mai kaya na ta "Hajiya dawo mana, kawo kuɗin". Na auni wake mudu shida, waken suya biyu saboda awara, shinkafa 'yar gida (na sani akwai tsinta, amma tana auki), sai gero tunda azumi na matsowa kuma kowa ya san abin da kuɗin gero ke yi in an kusa ganin wata. Masara ban saya ba, har yanzu buhun da Kawu ya aiko daga Saminaka da kaka muke ci. Kuma don Allah ku riƙa leƙa gindin mudu kafin a auna muku, akwai wanda aka bubbuga ya shige ciki, ni an sha yi min kafin na waye.

Muna dawowa na yanka rabin tumatirin na baza a buhu, iskar hunturun nan kwana kaɗan ta mayar da shi kauɗa, in damina ta zo tumatir ya koma sai wane da wane ni dai ina da abina. Sauran na kai niƙa na tafasa har ruwan ya tsotse. Wake ya shiga jarka da busasshen barkono na toshe bakin. Har waƙa nake ina aikin.

To sai na ɗauko littafin nan. Wanda na ce muku na fara rubuta komai a ciki tun farkon wata, ragowar littafin lissafin Auta. Na zauna na tattara. Abin da ya fara ba ni haushi aike ne, aiken shagon layi, magi na ɗari biyu, mai na ɗari biyar a leda, sikari, madarar ƙulli, taliya ɗaya don na yi ƙyuya ban jiƙa wake ba, da na haɗa su sai da suka kusa kuɗin rabin cefanen da na yi yau, ni da nake ganin ba na kashe komai. Wannan laifina ne na karɓa. Gas ma na ga inda yake tafiya, silindar kilo 12.5 ba ta kai mana wata, duk wake ne da ruwan wankan yara, daga gobe su biyun sun koma kurfoti.

Amma shinkafa ce ta tsaya min a rai. Mu shida ne a gidan nan, in na duba abin da nake aunawa kullum kuwa tukunyar mutum tara ce. Kwanon Iya ta gidan baya, kwanon mai gadin bakin layi in dare ya yi, sai na almajirina. Ban taɓa lissafa su ba sai yau da biro ya lissafa min.

Ina cikin haka Yaya ta kira, na ba ta labari ina dariya, ita kuwa ba ta yi dariyar ba. Ta ce ke kin san Allah, ki rage hannu, yanzu ba da ba ce, wanda ya ba ki kuɗin nan bai ce ki ciyar da unguwa ba, sadaka ai sai da hali. Ta ce ko da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dubu 70 a 2024 kasuwa ta riga shi yin gaba, ke kina nan kina rabo kamar gidan sarki. Ban ce ƙarya ta yi ba. Yaya ta fi ni iya riƙon gida nesa ba kusa ba, yara takwas ta raina da albashin malamin firamare.

Da na zo rabon abincin rana sai na rage. Ban hana kowa ba, na dai rage, na Iya ludayi ɗaya na cire, na almajirina kusan rabi, kuma ban ɗora masa ɗan kifin da na saba ba.

Ya zo bayan azahar kamar kullum, ya yi sallama daga zaure, ya ɗebo min ruwa bokiti huɗu ya fitar da shara, ƙafarsa duk ta yi faso saboda sanyi. Na miƙa masa robarsa. Ya buɗe ya duba, ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba wallahi, da murmushinsa ma, ya ce "Anti yau kin yi baƙi ne?"

Na ce eh.

Ya ce "Allah sarki, sannu da aiki, Allah ya ƙara buɗi." Ya rufe robar ya fita.

Shi ke nan fa abin da ya faru, amma tun lokacin na kasa sukuni. Yaron nan ko a ransa bai kawo cewa da gangan na rage ba, shi a wurinsa in abinci ya yi kaɗan a gidan nan to sai dai wasu ne suka riga shi, har tausayina ya ji na yi aikin baƙi. Ni kuma na dubi idonsa na yi masa ƙarya a kan shinkafar da ba ta cika gwangwanin madara biyu ba. Kuma na san ba shi kaɗai ke cin robar nan ba, na sha hango su a gindin dalbejiyar masallaci su uku da wasu ƙanana sun sa ta a tsakiya. Na sani sarai, da na zo ragewa ne na yi kamar na manta.

Na koma na sake buɗe littafin wai ko zan samu hujja. Abin da kwanonin nan uku ke ci a wata bai kai aiken shagon da nake yi don ƙyuya ba. Lemon kwalba ma da na saya wa ƙawayena ranar da suka zo min yini ya fi abin da zan cire masa a sati biyu. Amma hannuna bai je kan lemo ba, kan wanda ba zai iya cewa komai ba ya je. Sai kuma wata zuciyar ta ce to in kuɗi suka ƙare ranar 20 ga wata kamar na watan jiya fa, wa zai je ya ce wa mai shago a rubuta, ai ni ce, ni ce ke tsayawa ina murmushin dole ana buɗe littafin bashi a gaban mutane. Yaya ba mugunta ta faɗa ba.

Iya ta aiko jikarta da kwano a wanke, da kukar miya a ƙulle a ciki. Ba ta ce komai ba.

An ɗauke wuta tun la'asar. Auta ya zubar min da kauɗa ta gefe ɗaya garin bin ƙwallo, ban ma iya yi masa faɗa ba.

Da daddare na ba Oga labari yana cin tuwo, har maganar baƙin. Ya yi shiru can ya ce, to ai sai ki yi baƙin gobe ki huta da ƙarya. Na ce ba wasa nake ba. Ya ce shi ma ba wasa yake ba, a cire naman ranar Lahadi a sa awara, shi bai damu ba. Na san ya damu, mutumin da ke leƙa tukunya tun ana soya albasa. Ban amsa masa ba, na kwashe kwanuka.

Na jiƙa waken suya yanzu, da asuba babban yarona zai kai min niƙa kafin ya wuce makaranta in injin layinmu ya samu mai. Shinkafar gobe ban auna ba tukuna, mudun na nan kife a kan buhu. Cajina saura 6.