Akwatin sifika karo na biyu: lita goma da kaurin katako ya cinye min

Jama'a, daren jiya akwatin ya yi ƙara yadda nake so, har yanzu farin ciki bai sake ni ba. Amma sai da na yi asarar rabin fallen MDF, katakon garin itace da aka matse, mai kaurin milimita 18, wanda na saya Riyal 85 a nan Jidda, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Takardar da ta zo da sifikar, mai inci 12, ta ce a rufaffen akwati tana son kubik fit 1.25. Tef ɗina da na mai yanka duk da santimita muke aiki, don haka sai da na juya. Fit ɗaya santimita 30.48 ne, to kubik fit ɗaya shi ne 30.48 sau 30.48 sau 30.48, wato kubik santimita 28,317, lita 28.3 ke nan. Masu aiki da inci ku riƙe, kubik fit ɗaya kubik inci 1,728 ne, ba 12 ba. Nawa kubik fit 1.25 ɗin ya fito lita 35.4.

Lissafin nan daidai yake. Wajen yanka na faɗi. Na haɗa akwati 38 da 36 da 26, na ninka, na ga 35,568, na sa gam, na ɗaure sukurori. Da na kunna a but ɗin mota, bugun ƙasa ya ɓace, sai wani sauti a takure kamar ana dukan kwali. Kwana uku ina zargin waya da amfilifaya. Na canza waya, na toshe kowace kafa, shiru.

Wani dattijo kafinta da ke kusa da mu a Karantina ne ya ɗauki tef ya zura a cikin ramin sifikar, ya ce, "Yaro, iska a ciki take zama, kai ka auna waje." Raina ya ɓaci sosai, don gaskiya ya faɗa. Kowane awo akwai bango biyu, santimita 3.6 ta tafi. Ciki ya koma 34.4 da 32.4 da 22.4, lita 25 kacal, kubik fit 0.88. Kaurin da ake rainawa, in ya shiga ninki sau uku, ya cinye lita goma da ɗoriya. Ga kuma ita sifikar, maganaɗisunta da ƙarfenta na cin wuri. Takardarta ta ce kubik fit 0.07, kusan lita 2, ban ma lura da layin ba.

A karo na biyu daga ciki na faro. Ina neman lita 37.4. Na bar fuska yadda take, na raba 37,400 da faɗin fuskar ciki, 34.4 sau 32.4, wato 1,114.6, zurfi ya fito 33.6, a waje 37.2. Gefuna huɗu kawai na sake yankawa.

Kafin in ɗaura sifikar na gwada da busasshen yashi, don ruwa kumbura MDF yake yi, ga danshin Jidda ma ya ishe shi. Gorar lita ɗaya da rabi, cike 25, yashi ya zo daidai baki. Na ce Baba ya zo ya gani, ya shafa ya ce madalla.

Saura shimfiɗa kafet a jiki. Wanda ya san gam ɗin da ba ya saki a zafin but ɗin mota da rana, don Allah ya taimaka min da sunansa.