Kallon fim mai dogon zango da iyafis a kunne

A 'yan watannin nan kusan duk kallona na fina-finai masu dogon zango ne, namu na Hausa da ake sakawa a YouTube da tashoshin talabijin, sai jefi-jefi fassarar Indiya da na Turkiyya da Koriya. Na bar sauraro da sifikar waya, na koma sa iyafis, ina kuma ajiye takarda kusa da ni ina rubuta mintin da hankalina ya fara barin fim ɗin. Da takardun suka taru, sai na ga abu biyu ne suka cinye su: lalacewar sauti da jan fitowa, wato tsawaita wani ɓangaren fim ba dalili. Laifin jarumai kaɗan ne a ciki, na kamara ma bai taka kara ya karya ba.

Wanda zai gwada, ya nemi iyafis mai waya. Na Bluetooth mai araha yakan jinkirta murya, sai ka ga baki ya motsa kafin magana ta iso, ka ɗora wa edita laifin da ba nasa ba. Hoton kuma a bar shi a 480p. Kashi ɗaya mai tsawon awa guda yakan ci wajen rabin gigabait a haka, a 720p kuwa ya kai gigabait ɗaya ko fiye, kuma a fuskar waya bambancin bai kai kuɗin datar ba. Sautin dai kusan ɗaya ne.

Matsalar da na fi cin karo da ita ita ce falon masu kuɗi. Furodusa ya ari katafaren gida, ƙasa tayil, sama silin mai tsawo, bango babu komai, sai darakta ya ja kamara baya don kujeru da fitilu su fito. Da zarar kamara ta ja baya, dole mai riƙe da sandar makirufo shi ma ya ja baya kada ya shiga hoto. Makirufon da ya kamata ya tsaya kamar rabin mita zuwa mita ɗaya daga bakin mai magana sai ya koma mita uku, ya riƙa ɗaukar muryar da ta daki bango ta dawo. Shi ya sa Alhaji yana faɗa da ɗansa kana jin kamar a cikin masallacin da ba kowa ake yi. Gyaran ba tsada: a shimfiɗa kafet ko barguna a ɓangaren da kamara ba ta gani, a saki labule masu kauri, a ɗauki hoton falon gaba ɗaya sau ɗaya, sannan a matso kusa a ɗauki maganar. Abin mamaki, fitowar da aka ɗauka a ɗakin ƙasa mai tabarma da katifa ta fi ta falon fita tas, don kayan ɗakin suna shanye amon.

Masu ƙoƙari sukan maƙala wa jarumi ƙaramin makirufo a ƙirji. Nan ma akwai tarko, kuma tufafinmu ne tarkon. Shaddar da ta sha bugu, ko yadin da aka yi wa sitaci, ƙara take yi da kowane motsi. Jarumi ya gyara hannun babbar riga, sai ka ji ƙaras-ƙaras ta danne rabin jimla. A wajen mata kuma sarƙa ce ke bugun makirufon, ko gyale ya riƙa gogarsa. Wanda ya san aikin yakan manne rigar da jikin makirufon da salatif ta yadda ba za su gogi juna ba, ko ya ɓoye shi a bakin hula daidai goshi, inda ba abin da ke taɓa shi. Da iyafis za ka gane shirin da aka yi wa wannan hidima tun fitowar farko.

Sai janareta. Ba a iya aiki ba shi, to amma nisan da aka kai shi ne magana. Idan aka ajiye shi a bakin ƙofa, gurnaninsa zai shiga kowace kalma, edita kuma ya sa manhajar goge hayaniya ya matsa mata da ƙarfi. Hayaniyar za ta tafi, amma ta tafi da kaurin muryar, ya rage wata siririyar murya mai rawa. Doguwar waya ta mita talatin ko hamsin, a kai injin bayan katanga, ta fi kowace manhaja. Haka fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki, a kashe su lokacin ɗauka ko da jarumai za su yi gumi.

Akwai wani ƙaramin abu da na daɗe ina ji kafin na gano sunan laifin. Mutum biyu suna hira, duk lokacin da hoto ya koma kan ɗaya sai ƙarar bayan fage ta sauya: wannan da kukan kaji a bayansa, wancan shiru kamar an toshe kunne. Dalili shi ne an ɗauki ɓangaren kowa a lokaci dabam, ba a kuma tsaya an ɗauki shirun wurin ba. Ƙa'idar ita ce bayan an gama fitowa kowa ya yi tsit na rabin minti zuwa minti ɗaya, a naɗi sautin ɗakin yadda yake, edita ya shimfiɗa shi a ƙarƙashin hirar duka. Minti ɗaya ne kacal, amma ana sauri a koma wani lokeshan kafin rana ta faɗi, sai a tsallake shi.

Kiɗa kuwa, ra'ayina a kansa ba shi da sauƙi. An yi yawa. Uwa ta buɗe baki za ta yi wa 'yarta nasiha, kafin ta ce "ke Hauwa" an riga an sako kiɗan tausayi, kuma da ƙarfin da sai ka ƙara murya kafin ka ji abin da take cewa. Mai haɗa sauti yana aiki da manyan sifiku a situdiyo, inda komai ke fita dabam-dabam, alhali yawancin masu kallo da sifikar waya suke ji, wadda ke cakuɗa kiɗa da magana wuri ɗaya. Da zai tura aikin a wayarsa ya saurara a rabin murya kafin a sake shi, da ya rage kiɗan da kansa.

A nan fassarar Indiya, wadda kamfanoni irin su Algaita suka yi suna da ita, ta fi mu morewa: a rufaffen ɗaki ake naɗar muryar, baki dab da makirufo, don haka ko a cikin kasuwa kake kallo kana jin kowace kalma. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa ta karɓu, ban da barkwanci da salon maganar 'yan birni da ake cusawa. Inda irin wannan aiki ke da rauni shi ne idan mai fassara bai sami kiɗa da ƙarar fim ɗin a ware da maganar asali ba. Dole ya danne sautin asalin gaba ɗaya duk lokacin da zai yi magana, ya sake shi idan ya yi shiru, sai ka ji ruwan sama yana ɗaukewa yana dawowa a tsakiyar hira. A fim ɗin faɗa ko na dariya ba na damuwa. A wurin mutuwa ne abin ke ɓata mini rai.

Jan fitowa kuma yana da tushe a kasuwa. Da cinikin faifai ya mutu a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, saboda satar fasaha da masu tura fim a waya, sai harkar ta koma talabijin da intanet. Arewa24 ta fara aiki a 2014, Daɗin Kowa ya biyo baya a 2015, Kwana Casa'in a 2019, sannan Labarina da Izzar So a 2020, daga nan kowa ya tsunduma. A YouTube kuɗi daga talla yake zuwa, kuma tun 2020 bidiyon da ya kai minti 8 ana iya sa masa talla a tsakiya. Iya tsawon kashi, iya yawan gurbin talla. Abin da ake biya kan mai kallo daga Najeriya ko Nijar kuma bai kai na mai kallo daga Turai ko Amurka ba, shi ya sa ake haɗawa da tallan masu turare da magungunan gargajiya da dillalan filaye a cikin shirin kansa. Ban ga laifin mai neman mayar da kuɗinsa ba. Amma ga yadda awa ɗaya takan kasance a shirye-shirye da dama: waiwayen makon jiya, waƙar buɗewa, talla, hoton gari daga sama, maigadi ya buɗe get, mota ta shiga, a rufe get, direba ya zagayo ya buɗe ƙofa. Kafin a furta kalmar farko mai amfani an ci minti goma.

Wanda ya fi cin rai shi ne maimaita labari. An nuna mana miji ya saki matarsa. Ta tafi gida ta kwashe duka ta faɗa wa mahaifiyarta. Mahaifiyar ta kira yayarta a waya ta sake zayyanawa. Da dare matar ta kwanta, a sake nuno mana sakin cikin baƙi da fari. Abu ɗaya sau huɗu, ba a ƙara mana komai ba. Marubucin da ya iya yakan shiga fitowa ta biyu daga inda labarin ya ƙare, mu tarar da uwar ta riga ta ji, abin da za ta yi a kai shi ne sabon abu. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in sa gudun bidiyon a 1.5. Idan na kai ƙarshen kashi ban ji na rasa komai ba, an ja shi. Shirin da aka tsara da kyau ba ya yarda da wannan gudu, sai ka ga kana komawa baya.

Wasu na cewa a rage gaisuwa, ni ban bi su ba. Gaisuwa tamu ce, kuma a hannun darakta mai hankali makami ce. Fitowar da ta fi burge ni a kwanan nan ba ta wuce minti ɗaya ba. Suruki ya shigo zaure ya tsuguna ya ce, "Baba, barka da yamma." Dattijon bai ɗago ba, ya ci gaba da jan carbi har ya kai ƙarshe, ya shafa, sannan ya ce, "Ka iso?" Ba "lafiya", ba tambayar mutan gida. Duk Bahaushen da ya ga wannan ya san an riga an kai ƙara, kuma hukunci ya gama tsaruwa. Ba kiɗa ko ɗaya a wurin. Gaisuwar da ke gundura ita ce wadda aka jero ta cikakkiya, ina gajiya ina aiki ya yara, don kawai a cike minti.

Tsawo shi kaɗai ba ya kashe shiri. Ertuğrul na Turkiyya, wanda tashar TRT ta nuna daga 2014 zuwa 2019, kashi 150 ne, kowanne wajen awa biyu, kuma mutanenmu sun bi shi har ƙarshe. Su ma suna da nasu jan, kallon-kallo da hawan doki ba iyaka, amma da wuya fitowa ta ƙare ba a sami wanda ya ci amana, ko ya gano wani sirri, ko ya sauya shawara ba. Na Koriya kuma yawanci kashi 16 ne a rufe littafi, kuma kana jin marubucin ya san inda za shi tun daga farko. Namu da yawa ana rubutawa ne ana ɗauka ana saki, mako-mako. Alamomin a bayyane suke: jarumi ya yi tafiyar gaggawa zuwa ƙasar waje ba dalili, wata ta kwanta asibiti zango guda ba ta farfaɗo ba, maganar gadon da aka faro da zafi a bar ta ba a sake waiwaya ba. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 kan cewa sai an kawo mata su ta duba kafin a saki. Kowa da ra'ayinsa kan matakin, amma idan ya tilasta a riƙa kammala zango kafin a fara nunawa, labaran za su amfana.

A ɓangaren hoto an ci gaba ƙwarai, kamarorin yanzu ba na da ba ne. Abin da ya rage ƙanana ne. Baƙin mutum cikin farar shadda a tsakar rana: in aka daidaita haske da rigar, fuska ta dushe, in aka daidaita da fuska, rigar ta ƙone. A kai shi inuwa a haska fuskar da faifan mayar da haske, ko a ba shi riga mai ruwan ƙasa ko shuɗiya. Haka zaunar da mutum taga na bayansa. Sai tsallake layi, wato a ɗauki mutum biyu masu fuskantar juna daga ɓangarori mabambanta, a hoto su fito suna kallon gefe ɗaya kamar da wani na uku suke magana. Lalle ma yana tona asiri: a fitowa ɗaya ya yi baƙi wuluk, ta shiga ɗaki ta fito ya koɗe, don kwana goma ne tsakanin ɗaukar biyu. Matar da ta tashi daga barci da cikakkiyar kwalliya kuwa na daina rubuta ta, takarda za ta ƙare.

Rubutun Turanci na ƙasan hoto yana buƙatar layi biyu kawai, kowanne haruffa wajen 40, da baƙin gefe a jikin harafin. In ba haka ba farin rubutu ya hau farar riga ya ɓace, ko a jibga layi huɗu su wuce kafin a karanta na biyu.

Yanzu kafin in ba sabon shiri datata, nakan kalli minti goma na kashin farko da iyafis, daga nan in tsallaka kai tsaye zuwa kashi na biyar ko na shida. Kashin farko kowa yana zuba masa kuɗi da lokaci, don shi ne talla. A na shida ne kuɗi ya fara ja baya, an gaji, ranar saki ta matso. Idan a can har yanzu ina jin magana ba tare da na ƙara murya ba, kuma na kasa gane abin da ke faruwa saboda abubuwa sun gudana a kashi huɗun da na tsallake, sai in koma na biyu in bi shi a jere.