Wata na biyar da fara kallon tsuntsaye: kaskon ruwa ya fi ni aiki

Salam 'yan uwa masu koyo irina. Yau wata biyar cif da na fara rubuta tsuntsayen da nake gani a nan Haɗeja, littafin ya kai kala 41, amma gaskiya kusan rabi daga tsakar gidanmu na same su ba daji ba, abun da ya ban mamaki kenan.

Tunda zafin bazara ya shigo na ɗauko wani tsohon kasko na Hajiyarmu wanda bakinsa ya ɓalle, na aje ƙarƙashin darbejiya, na jefa dutse biyu a ciki saboda ƙananan su samu wurin tsayawa, kullum bayan asuba in sauya ruwa in koma kan tabarma in yi shiru. Kwana uku ko ƙuda bai zo ba sai ƙadangare, har ƙannena suka fara min dariya wai yaya ya buɗe wa ƙadangaru gidan wanka. Rana ta huɗu 'yar tsuntsuwar nan baiwar Allah ta sauko, namijin ja wur macen kuma ruwan ƙasa-ƙasa, da ni duk ɗauka nake tsuntsaye biyu ne daban. Bayansu sai ɗan shuɗin nan da muke kira asisi, shi ma ku lura, namiji ne kaɗai ke da jan tabo a kumatu kamar an ɗiga masa jambaki.

Kurciya ce ta fi wahalar da ni wallahi. Wata biyu ina rubuta "kurciya" kawai ashe kala biyu ke zuwa, akwai ƙarama mai ɗige-ɗige a ƙirji wuyanta babu komai, akwai kuma mai baƙin layi a bayan wuya kamar rabin sarƙa. Toh ita mai layin ma an ce min ba kala ɗaya ba ce, sai da kuka ake rabewa, nan dai na tsaya tukuna. Hasbiya kam ba ta ɓuya, ga girma ga jar fata zagaye da ido.

Sati biyu da suka wuce na je fadamar Baturiya ta wajen Kirikasamma da madubin hangen nesan da na saya a gwanjo, wanda ido ɗaya hazo yake nunawa sai na kanne ɗaya nake kallo. Na makara, yawancin baƙin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi sun koma, amma na ga kirinjijiya garke guda suna ta fito, dinya biyu, zalɓe, da zakaran ƙeƙuwa da ya dinga ihu a kaina har ya kori komai. Ciyawar kacalla kuma ta cinye bakin ruwa, da ƙyar ka samu inda za ka hango tsakiya. Shawara ɗaya, kar ku shiga ƙauye da madubi a wuya ba ku gaida mai unguwa ba, ni sai da wasu matasa suka tare ni suna tambayar me nake leƙe, da na nuna masu littafin wani dattijo ya ce "yaro ai da ka fara zuwa wajenmu", ƙarshe shi ya nuna min inda fakara ke kwana.

Shafin da har yau babu komai shine na ungulu. Sau huɗu ina zuwa kwata da safe, shirwa da hankaka kawai. Mahaifina yace da can sai an kori ungulu ake fiɗa. Tun 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin masu dab da ƙarewa, guba da masu kamawa don haɗa magani sun yi mata illa sosai.

Yanzu shamuwa nake jira, akwai tsohuwar sheƙarsu a kan tsamiyar bayan masallaci, kullum sai na ɗaga kai in zan wuce. Duk wanda ya rigani gani ya rubuta rana da garin, mu haɗa mu ga kwana nawa ke tsakaninta da ruwan farko bana.