Sabis ɗin da ke aiki yau, zai tashi in an sake kunna saba?

Sabar (babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajoji) da nake kula da ita a Jidda ta wani ofishin masu hidimar Umara ce, tana kan Ubuntu, kuma tun daga sigar 15.04 manhajar systemd ce ke riƙe da ragamar sabis, wato manhajojin da ke aiki a bayan fage, a Ubuntu. Kafin cunkoson azumi nakan sake kunna ta da gangan, don a nan ne ɓoyayyen aibi ke fitowa.

`systemctl start`, umarnin da ake ba systemd, yana tayar da sabis ne a wannan lokacin kawai. Wanda zai sa ya tashi da kansa bayan an sake kunnawa shi ne `enable`, shi ya sa nake haɗa su: `systemctl enable --now nginx` (nginx sunan sabis ɗin ne a wannan misalin), sannan in tabbatar da `is-enabled`.

Manhajar rajistar alhazai ce ta fi ba da wahala. Tana buƙatar rumbun bayanai da ke wata na'ura, sai ta riga hanyar sadarwa tashi, ta faɗi. Systemd kuwa, in an sa `Restart=on-failure` don ya sake tayar da sabis in ya faɗi, tazarar da yake bari ta asali kafin ya sake gwadawa milisakan 100 ce, kuma in sabis ya tashi sau 5 cikin daƙiƙa 10 sai ya daina gwadawa. Kafin ƙiftawar ido damar ta ƙare, sabis ya kwanta. Maganin shi ne `Wants=network-online.target` tare da `After=network-online.target`, don sabis ya jira hanyar sadarwa, da kuma `RestartSec=5`, wato tazarar daƙiƙa 5. `After` shi kaɗai jeri yake tsarawa, ba ya janyo komai. In ya riga ya kwanta, `systemctl reset-failed` ne ke share masa laifin.

Ba na taɓa fayilolin da ke `/lib/systemd/system`, domin sabunta manhaja zai shafe gyaran. `systemctl edit` yana ajiye gyara a `override.conf` ƙarƙashin `/etc/systemd/system`. Mai canza `ExecStart`, layin da ke faɗin abin da za a tayar, a can dole ya fara rubuta `ExecStart=` babu komai a gabansa, sannan sabon layin, in ba haka ba systemd zai ƙi. Wanda ya yi gyara da hannu kuma kada ya manta `systemctl daemon-reload`, don systemd ya sake karanta fayilolin. In `systemctl status` ya nuna 203/EXEC, galibi ko hanyar fayil ɗin ce ba daidai ba, ko ba shi da izinin gudana.

Abin da ya faru kafin sake kunnawa ana ganinsa da `journalctl -u sunan-sabis -b -1`, muddin akwai `/var/log/journal`.

Sai agogo. Sabobin haya da yawa kan UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, suke zuwa, Saudiyya kuma tana gaba da awa 3. Kwafin ajiyar da aka sa wa ƙarfe 2 na dare sai ya kama ƙarfe 5 na asuba a Jidda, daidai lokacin da ma'aikatan da ke tarbar jirage ke shiga manhajar. `timedatectl set-timezone Asia/Riyadh` ya gyara, `systemctl list-timers` kuma ya nuna min sabon lokacin.