Ƙannena, kar ku zaɓi shugaban ƙasa irin yadda na yi ta yi

Ku da za ku dangwala ƙuri'ar shugaban ƙasa karo na farko ko na biyu, ku ɗan ba ni aron kunnuwanku. Ba zan ce muku ku bi wane ku bar wane ba, wallahi wannan sana'ar na ajiye ta tun da na ga inda ta kai ni. Labarin wautata kawai zan ba ku, wanda ya ga abin ɗauka ya ɗauka.

Zaɓena na farko in za a bi gaskiya ban zaɓi kowa ba, ƙin wani na yi. Akwai ɗan takara ɗaya da na tsana kamar me, ko hotonsa na gani a fosta sai raina ya ɓaci, to da aka ce ga wanda zai iya kayar da shi ko tambayar waye shi ban yi ba, ni dai kar wancan ya hau. Da a ce ka tare ni lokacin ka ce me gwaninka zai yi kan ilimi ko bashin da ake bin ƙasa, sai dai in hau zagin abokin hamayyarsa, don ban sani ba, ban taɓa buɗe kundin manufofinsa ba, kai ban ma san ana rubuta wani kundi ba. Ya ci, muka yi ta murna kamar mu aka rantsar, ba a yi shekara biyu ba na gane gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Karo na biyu na ce yanzu kam na yi hankali, ashe da sauran rina a kaba. Wannan karon baki ne ya kwashe ni. Mutumin ya iya magana, in ya riƙe lasifika a wajen kamfen sai ka ji tsikar jikinka ta tashi, duk abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya shi yake faɗa kamar ya leƙa zuciyarka. Na koma sojan baka ba tare da ko sisi ba, daga Facebook zuwa guruf-guruf na WhatsApp, kwana nake ina kare shi da datata. Wata rana aka turo min hoton wata takarda wai ga shaidar ɗaya ɗan takarar ya wawuri kuɗi, ban duba daga ina ta fito ba na tura wa duk wanda na sani, daga baya ta tabbata haɗa ta aka yi a kwamfuta. Abokina tun na yarinta ne ya fara ce min anya kuwa, ka bincika, ni kuma a gaban mutane cikin guruf na ce masa an saye shi. Wannan kalmar har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gwanin nan nawa ba daga sama ya faɗo ba, ya riƙe muƙami kafin nan, tarihinsa na nan a fili ni ne dai ban duba ba. Kuma ba titi ko gada nake nufi ba, waɗannan kowa zai iya nuna maka hotonsu. Abin dubawa shi ne ya yake yi in aka ce masa a'a. Lokacin da kotu ta yanke hukuncin da bai masa daɗi ba, ya bi ko ya yi kunnen uwar shegu? Ɗan jaridar da ya tona masa asiri yana ina yanzu? Mataimakinsa na da da waɗanda suka yi aiki ƙarƙashinsa, sun rabu lafiya ko duk da faɗa aka ƙare? Wanda bai jure a'a ba yana riƙe da ƙaramar kujera, ranar da sojoji da ƴan sanda da baitulmali suka dawo hannunsa kar ka sa ran zai canza hali.

Kuma fa farin jini ba ya maganin wannan. Ku duba Nijar, marigayi Tandja Mamadou an zaɓe shi a 1999 aka sake zaɓarsa a 2004, talakawa da yawa na ƙaunarsa har gobe, amma da wa'adinsa ya zo ƙarewa a 2009 aka shiga batun tazarce, ya rusa majalisar dokoki, ya rusa kotun tsarin mulki da ta ce abin bai halatta ba, aka yi ƙuri'ar raba gardama, ƙarshenta sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010. A Gambiya Yahya Jammeh ya faɗi zaɓe a Disambar 2016, ya amince, bayan mako guda ya ce ya fasa, sai da ƙasashen ECOWAS suka nuna masa da gaske suke kafin ya bar ƙasar a Janairun 2017. Sai ka haɗa su da Nelson Mandela da ya yi zango ɗaya daga 1994 zuwa 1999 ya sauka da kansa alhali in ya nema zai samu, ko Goodluck Jonathan da ya ɗaga waya ya taya Buhari murna a 2015 tun ba a gama sanar da sakamako ba. Ni yanzu tambayar da nake fara yi wa kaina ita ce, wannan in na ɗora shi kuma bai yi ba, zan iya sauke shi da ƙuri'ar da na ɗora shi da ita?

Wani abu kuma da ban taɓa kallo ba a zaɓukan nan biyu shi ne sunan da ke ƙasan na ɗan takara, wato mataimaki. Muna ɗaukarsa kamar ado ne, alhali rai na hannun Allah. Umaru Musa Yar'adua ya rasu a Mayun 2010 Jonathan ya karɓa, John Atta Mills na Ghana ya rasu a Yulin 2012 John Mahama ya hau, a shekarar dai Joyce Banda ta gaji Bingu wa Mutharika a Malawi, Magufuli na Tanzaniya ya rasu a Maris 2021 Samia Suluhu Hassan ta zama shugaba. Mutum biyu kake zaɓa da yatsa ɗaya. Haka su waɗanda ke zagaye da shi a kan mumbari, masu ɗaukar nauyin jiragen kamfen da masu riƙe masa jam'iyya, ka kalle su da kyau don su ne ministocin gobe, kuma wanda ya zuba kuɗinsa ba sadaka ya yi ba.

Alƙawari ma ku riƙa auna shi. In ya ce zai yi kaza a kwana ɗari, tambaya ita ce da wane kuɗi, kuma ikonsa ne ko na majalisa, tunda a mafi yawan ƙasashe kasafin kuɗi da sabuwar doka sai sun bi ta majalisa. Ni kuwa ƴan majalisar ma ban san sunayensu ba, tambarin jam'iyya na bi daga sama har ƙasa.

Kuskurena na uku shi ne fushi. Bayan an ci amanata sau biyu, ko in ce na ci amanar kaina, na ce duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ranar zaɓe na yi kwanciyata da katina a aljihu ina jin kaina wani mai wayo. Fushin bai rage wa kowa komai ba, an ƙirga na waɗanda suka fito an ba wani. A zaɓen Najeriya na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, Tinubu ya ci da ƙuri'a wajen miliyan 8.8. A Ghana a 2008 ratar da ta raba Atta Mills da Akufo-Addo a zagaye na biyu ƙuri'a dubu 40 ce da ƴan kai, a Amurka kuwa a 2000 ƙuri'a 537 a jihar Florida ce ta ba George Bush fadar White House.

Ku kuma san yadda ake lissafin a ƙasarku, don yana canza dabara. Inda ake zagaye biyu kamar Faransa ko Senegal, za ka iya ba wanda ranka ke so a zagayen farko ko da ƙaramin ɗan takara ne, a na biyu ka zaɓi mai dama-dama cikin biyun da suka rage. A Najeriya kuwa mafi yawan ƙuri'a ake nema tare da kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi, ba sai mutum ya haura rabi ba, to in masu ra'ayi ɗaya suka rabu gida uku sun san abin da zai biyo baya. A Amurka ma ba yawan ƙuri'un jama'a ake bi ba, wakilan jihohi masu zaɓen shugaba 270 cikin 538 ake nema, shi ya sa Hillary Clinton ta fi Trump ƙuri'a kusan miliyan 3 a 2016 amma ta faɗi. Ba ina cewa dole ka bi mai ƙarfi ba, in ka ga dama ka ba wanda ka san ba zai ci ba don ka yarda da shi, haƙƙinka ne, amma ka yi shi da saninka.

Yanzu abin da nake yi, tun kafin guguwar kamfen ta taso nake rubuta abubuwa uku da suka fi damuna a takarda, in an fara sai in nemi abin da kowannensu ya faɗa a kai da bakinsa, cikakkiyar hira ko muhawara, ba ɗan yankin bidiyo na daƙiƙa talatin da wani ya datso ba. Sannan da gangan nake zama da wanda ke goyon bayan ɗan takarar da ba na so, in ce ya faɗa min dalilinsa, in yi shiru har ya gama, abin da wuya wallahi, sau da yawa harshena ƙaiƙayi yake.

Abokin nan nawa na je har gida na ba shi haƙuri bayan shekara uku, ya ce ya yafe, muna gaisawa muna zumunci, amma ko da wasa bai ƙara yin hirar siyasa da ni ba. Shi kuwa gwanin da na zage shi a kansa, tuni ya sauya sheƙa ya koma jam'iyya ɗaya da mutumin da na yaɗa wa takardar ƙarya, na ga hotonsu suna rungume da juna suna dariya.