Abin da na koya a Fanisau lokacin rubuta kundina

Duk mai son rubuta tarihin ƙauyen da birni ya haɗiye, gara ya fara da gonaki tun ba a gama yanka su fuloti-fuloti ba. Na gane haka ne lokacin da nake tattara bayanan kundin kammala digirina a kan Fanisau, wadda take cikin ƙaramar hukumar Ungogo, kusa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. A da sai ka fita ganuwar Kano ka ratsa gonaki kafin ka hango duwatsunta. Yanzu gini ya kusa haɗewa, ɗan adaidaita sahu ma ba ya lissafa zuwa can a matsayin fita gari.

Labarin da kowa yake fara ba ka shi ne na dutse. Tsohon littafin Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Fanisau tun zamanin Barbushe da Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda. Cikin manyan mutanen Barbushe akwai Gambarjado ɗan Nisau, mazaunin Fanisau, kamar yadda wasu suka zauna a Jigirya da Magwan da Tanagar. Malamin da ke duba aikina ya ce kada in zubar da irin wannan labari, kada kuma in haɗiye shi da ƙashinsa. Ba sai na yarda Barbushe yana kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka ba, kafin in yarda cewa akwai mutane a gindin duwatsun nan tun Sarki Gijimasu bai fara ganuwar birni ba.

Na biyu labarin sarki ne, shi ma ba a wahalar samunsa. Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, ya tarar da tawaye ta ko'ina, mafi zafi kuma na Ɗan Tunku ne daga wajen Dambatta. Sai ya mai da Fanisau ribaɗi, wato garin tsaro da ake girke mayaƙa, mai tare hanyar arewa, ya gina gida a can. A 1824 Bature Clapperton da ya zo Kano sai da ya bi sarki sansaninsa kafin ya gan shi, don ana cikin wannan yaƙi. Daga baya aka yi sulhu, gidan Ɗan Tunku ya tsaya da masarautar Kazaure. Har gobe akwai Hawan Fanisau a kwanakin Sallah, kuma dattawa suna ba da wannan tarihi da fara'a, wani na karɓe wa wani magana.

Amma dawakin ribaɗi hatsi suke ci, mahayansu ma haka. Wa ya noma? A nan baki yake mutuwa. Fanisau na cikin manyan gandayen sarki a ƙarni na 19, bayi ne suke noma su, a ƙarƙashin kulawar manyan bayin fada irin su Shamaki. Idan ka tambayi mutum asalinsa kai tsaye, zai ce kakansa da sarki suka zo, kuma bai yi ƙarya ba. Ban ga laifinsa ba. A ƙasar da ake binciken asali kafin a ba da aure, tambayar ɗalibi mai riƙe da biro ba ƙaramar tambaya ba ce.

Abin da ya buɗe mini ƙofa tambayar iyaka ce. Wani dattijo na zaune yana ɓare gyaɗa a faranti, na ce masa, “Baba, shi gandun sarki daga ina ya fara?” Ya kakkaɓe rigarsa ya ɗauki sanda. “Taso, ɗana, wannan ba a faɗarsa a zaune.” Muka bi wani lungu tsakanin katangun bulo da ba a yi wa filasta ba, har muka iso kututturen wata ɗorawa da aka sare. Ya ce daga nan zuwa inda aka kafa tankin ruwan can duk gandu ne. Muna tafe yana bayani: sarkin gandu ne ke fitar da mutane da safe, ana aiki har azahar, sannan kowa ya wuce gayaunarsa ya noma abin da zai ci. Mai ƙoƙari yakan nemi a yanka masa murgu, ya yi sana'arsa yana biyan ubangidansa, yana tara kuɗin fansar kansa. Da muka fara tafiya “su” yake cewa. Kafin mu dawo wajen farantin gyaɗar ya koma cewa “mu”, ni kuma ban nuna na lura ba.

Ban sa sunansa a kundin ba, ban sa na kowa ba. Wasu abokan karatuna sun ce ma a bar maganar gaba ɗaya, tone-tone ne. Ban yarda ba. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, amma sai a 1936 aka soke bauta a dokance a Arewa. Mutanen da suka noma hatsin ribaɗi, 'ya'yansu da jikokinsu na cikin waɗanda suka noma gyaɗar dalar Kano. Idan aka cire su, abin da zai rage shi ne gidan sarki da ranar hawa, kuma waɗannan biyun ba su cikin haɗarin ɓacewa. Gona ce take ɓacewa, ita kuwa ba a yi mata kirari.

Shi ya sa daga baya na koma zama wurin dillalan filaye, mutanen da ɗalibin tarihi ba ya tunanin nema. Dillali ya san kowane fuloti gonar wa ce a da, wa ya gada, yaushe magada suka raba. Takardun cinikin da mai unguwa ke sa wa hannu kuma suna ambaton maƙwabtan gona gabas da yamma, kudu da arewa. Da na jera kwafin waɗanda aka yarda na gani a kan tabarma, sai ga shatin wani ɓangare na gandun ya fito, kusan daidai da inda sandar dattijon ta nuna.